Na Shiga Aji Da Furfura A Gemu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni manomin albasa ne a wani ƙauye tsakanin Aliero da Jega, a jihar Kebbi. Na haura shekara hamsin, kuma wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubutawa da boko. Dare goma sha ɗaya na yi a kanta cikin littafi mai layi, malaminmu ya bi ya raba mini kalmomin da na haɗe, 'yata ta kwafe a waya ta turo muku. Idan ta yi tsawo ka yi haƙuri, maganar ta daɗe a ciki.

Ranar 8 ga Satumba na kama rediyo na ji ana bikin ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Manya suka yi jawabi, aka lissafa miliyoyin da ba su iya karatu da rubutu ba, aka yi addu'a aka watse. Ban ji an miƙa wa ko mutum ɗaya daga cikin miliyoyin nan abin magana ba. To ni a cikinsu nake har kwanan baya, kuma wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Abin da ya kai ni aji ya faru ne a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Ya zo daidai da cirar albasa. Wani mai saye da ke loda mota zuwa Kudu ya ɗauki kayana ya ce babu tsaba, sai dai ya tura ta asusu. Asusun ina da shi tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi a ƙarshen 2015, lokacin da kowa ya ruga banki. Takardu nawa na dangwala wa yatsa a wancan karo, Allah kaɗai ya sani. Ban ce an cuce ni ba, abin da nake cewa ban san me na dangwala ba.

Waya ta yi ƙara a aljihu. Lamba ɗaya ko biyu ina gane su, amma da zarar sifiri sun jeru sai idona ya ruɗe. Na miƙa wa wani yaro mai POS a bakin kasuwa na ce ya duba mini. Yaron nan, ba da mugun nufi ba, ya ɗaga murya kamar mai shela ya karanta abin da ya shigo, bai tsaya nan ba ya ƙara da abin da ke cikin asusun gaba ɗaya. Benci cike da mutane masu jiran kuɗi. Kafin in kai gida labari ya riga ni. Washegari ina fitowa daga sallar asuba na tarar da mutum uku a ƙofa, kowa da tasa lalurar, ɗaya daga ciki surukina ne, wanda ba a iya ce wa babu. A daren nan na kasa barci, na zauna ina ƙirga waɗanda suka san lambar katina: ɗana, ɗan wana, yaron POS, da wani da ya taɓa taimaka mini a injin banki wanda ko sunansa ban sani ba. Lambar da ake kira ta sirri kenan.

Masu jawabi suna yawan cewa karatu yana kawo arziki da ci gaba. Wataƙila. Abin da na san rashinsa ya hana ni shi ne sirri. Cutar da likita ya rubuta mini, sai wani ya fara sani kafin ni. Bashin da ake bi na, da wanda nake bi, da saƙon da ɗiyata ta aiko daga gidan miji, duk sai sun ratsa ta idon wani. Magidanci mai mata da jikoki, amma kullum aron ido.

Kafin in wuce, akwai kalmar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce jahilci. A 1976 da aka zo ƙauyenmu ɗibar yara firamare, ana sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne don a gane ko ya isa, ni ina wajen malamin allo. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa littattafan farko na fiƙihu, ina rubuta ajami tun ban fara azumi ba. Ƙasar Gwandu muke, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, kuma tun kafin Bature ya ci Sakkwato a 1903, jajin Nana Asma'u suna bin ƙauyuka suna karantar da matan aure. A ƙasa irin wannan ka kafa allo ka rubuta yaƙi da jahilci, ka ce dattijon da ke jan salla a masallacin unguwa ya zo ya zauna a ƙarƙashinsa? Ba zai zo ba. Na san mutum biyar da sunan kaɗai ya hana. Mu ajin dare muke ce wa namu, kuma ya wadatar.

A firamaren garinmu muke yi, bayan isha'i, da fitila mai cajin rana guda biyu. Daren farko mu ashirin da uku ne. Na naɗe babbar riga na cusa kaina a bencin 'yan aji biyu, gwiwa tana dukan tebur. Ta taga kuwa ga kawunan yara, har da jikana, suna leƙe suna ƙunshe dariya. Wallahi da ba a tsakiya nake ba da na sulale. Waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba suka dinga karya bakin fensir, hannu ya saba da kalme. Ni matsalata daban: na buɗe littafi ta baya, na fara daga dama.

Malaminmu yaro ne, bai fi ɗana na biyu ba. Ya gama kwalejin horon malamai ta Argungu, aiki bai samu ba. Shi yana ce mini Baba, ni ina ce masa Malam. Da ya ga yadda na kama littafi bai yi dariya ba. Ya zaro takardar ɗari biyar daga aljihu, ya nuna rubutun ajamin da ke jiki ya ce, "Baba, karanta muna wanga." Na ce, "Naira ɗari biyar." Ya juya ya rubuta kalmomin nan uku a allo da boko, ya bi su baƙi bayan baƙi, yana nuna mini inda nun ta zama n, inda wasalin da nake ɗorawa bisa ko ƙasa ya sauko ya tsaya a layi da ƙafarsa. Sannan ya ce, "Ka gani Baba, kai ba karatu za ka fara ba, hannu na biyu za ka ƙara." Maganar nan ce ta zaunar da ni. (Af, ajamin nan an cire shi daga ƙananan takardu, biyar zuwa hamsin, tun 2007. Su ne kuwa kuɗin da talaka ya fi riƙewa a lokacin.)

A mako na biyu ya yi abin da har yau nake ganin shi ne asirin ajin. Ya ce kowa ya zo da takardar da ta fi damunsa. Zo ka ga kaya. Wani ya kawo katin asibitin matarsa, wani takardar filin da ya gada, wani ɗan dako ya kawo rasit ɗin lodi, ni na ajiye waya. Maƙwabcina ya zo da kwalbar maganin feshi. Malam ya nuna mana inda ake buga ranar da magani ke lalacewa, muka haɗu muka harhaɗa lambobin, sai ga shi ya wuce lokacinsa da fiye da shekara. Mutumin nan ya riga ya fesa rabin kwalba a gonarsa yana zagin tsutsa wai ta yi taurin kai. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ba tsutsa ta ci ni ba." Tun daga ranar ba ya fashi. Babba ba ya zuwa aji don a ce ya yi makaranta, akwai wata takarda da ta tsaya masa a wuya, in ka fara daga ita ka kama shi.

Sai dai mun yi karo da bango da wuri. Mun iya haɗa Hausa, amma saƙon banki da Turanci yake zuwa, haka jikin kwalbar magani, haka buhun taki. Malam ya tsamo mana 'yan kalmomin da ba makawa, wadda ke nufin kuɗi sun shiga, wadda ke nufin sun fita, wadda ke nufin abin da ya rage, muka haddace su kamar yadda ake haddace fuskar mutum. Ina mamakin kamfanonin da ke sayar wa manoman Arewa maganin da zai iya kashe mutum, su kasa buga gargaɗinsa da harshen mai fesawa.

Bayan wata bakwai na tafi Jega ni kaɗai, na tsaya gaban injin banki, na canza lambar katina. Na yi gumi kamar mai huɗa, na bayana suna tsaki, ban waiwaya ba. Yau lambar nan daga ni sai Mahaliccina. Ina da littafin da nake rubuta buhu nawa na zuba a rudu, nawa suka ruɓe, nawa dillali ya ɗauka da la'adarsa, wa ya karɓi iri bashi. Kada in yi maka ƙarya, ban yi kuɗi ba. Farashin albasa bai san wanda ya iya karatu ba, ruɓa ma haka. Amma gardamar "ai goma sha biyu ne" da "a'a sha huɗu ne" ta ƙare tsakanina da mutane, kuma zumunci biyu da bashi ya kusa kashewa sun tsira.

Uwargida ta ga haka ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Aka buɗe na mata a zauren mai unguwa tsakanin azahar da la'asar, wata malama tana zuwa. Uwargidan tawa ita ce uwar adashen unguwarmu, shekara da shekaru tana riƙe zubin mata goma sha a ka, da ƙullin tsumma da zane a bango. Yanzu littafi gare ta. Ranar rigakafin jikanmu ita ta duba kati ta tuna wa uwarsa. A ajinsu akwai wata baiwar Allah da rashin tsaro ya koro daga Zamfara, abin da ta fara roƙo a koya mata shi ne rubuta sunayen 'ya'yanta, saboda duk inda aka je rajistar tallafi wani ke rubuta mata, kuma ba ta taɓa tabbata duka ya sa ba. Illa ɗaya da zan faɗa: uwargida yanzu tana ɗaukar wayata ta ce, "Malam, wanga saƙo wa ya aiko shi?" alhali ta riga ta karanta. Sirrin da na ƙwato a kasuwa na rasa rabinsa a gida.

Daga ashirin da uku mun koma tara, kuma dalilan da suka zubar da sauran nake so masu tsara abin nan su ji, don babu lalaci a ciki.

Akwai amini na, sa'ana, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda zai lissafa maka kuɗin mota guda ta albasa a ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Wata biyu yana zuwa, ya kasa bambanta b da d. Ya ce kansa ya toshe, ya daina. Sai da aka jima, wata rana a kasuwa ya ɗauki tabarau irin na 'yan tebur ya gwada da wasa, ya dubi kwalin shayi ya ce, "La ilaha illallahu, ashe haka baƙaƙen suke!" Ido ne, ba kai ba. Mutumin da ya wuce arba'in, a ƙarƙashin fitila mai dishi-dishi, da littafin da aka buga don idon yara. Mutum nawa suka koma gida suna zargin ƙwaƙwalwarsu a kan abin da tabarau mai araha zai gyara? Duk wanda zai buɗe ajin manya ya fara da duba idonsu.

Sai lokaci. An aiko mana da tsari wai a yi wata tara a jere. Wanda ya zana shi bai taɓa dashen albasa ba. Lokacin dashe da ban ruwa muna fadama da inji har dare, da damina wanda ya wuni a duƙe ba ya iya riƙe ido bayan isha'i, da azumi ga tafsiri ga tarawihi. Mu da Malam muka yanka shekarar yadda gona ta yarda, mu matsa sosai bayan an kwashe albasa, mu sassauta idan aiki ya taso. Masunta a Yauri da makiyaya na san nasu lokacin ya sha bamban da namu. A wuraren da mutane ba sa iya fita da dare saboda 'yan bindiga kuwa, maganar ajin dare ma ba ta taso ba, sai dai rana ko rediyo.

Amma babban abin da ke kashe aji shi ne cikin malami. Waɗanda suka ɗauki Malam sun yi masa alkawarin ɗan alawus duk wata, abin da bai kai kuɗin buhun taki ba. Aka biya 'yan watanni, aka yi shiru. Ya yi ta zirga-zirga, yau a ce takarda tana sama, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, har kuɗin motar da ya kashe ya fi abin da yake bi. Yanzu kabu-kabu yake yi a Jega da rana, ya iso mana da ƙura a gira. Mu tara muka yanke wa kanmu abin da za mu iya, mai kwanon gero, mai shinkafa, ni albasa. Yana karɓa yana sunkuyar da kai, mu ma muna bayarwa muna jin kunya. Malamar mata ba ta iya jurewa ba, kuma ban ga laifinta ba. Ajinsu wata huɗu kenan a rufe, uwargida tana bin yaran makaranta suna duba mata littafi.

Abin da ke ba ni tsoro na taɓa ganinsa a gidanmu. Babana, Allah ya jiƙansa, ya yi ajin yaƙi da jahilci na zamanin En'e, cikin shekarun 1950, lokacin da Malam Ahmadu Kumasi ke jan ragamar aikin a Arewa. Ya ci jarrabawa, aka ba shi takardar shaida, tana cikin adakarsa har ya rasu. Yakan ba mu labarin Zaruma, 'yar jaridar lardin Sakkwato da ake bugowa daga Zariya, yadda suke zama gindin bishiya suna karɓa-karɓa. Malam ya gaya mini hukumar da ke buga irin waɗannan, NORLA, an rufe ta a 1959. Abin karantawa ya yanke, karatun ya bi shi. Ni da na taso, Baba sunansa kawai yake iya ganewa. Hanyar da ba a bi ciyawa ke cinye ta. Ina jin shi ya sa bai ga amfanin kai ni boko ba.

Ƙaddamarwa dai ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. An yi gangamin ƙasa a 1982 zamanin Shagari, an kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa a 1990, shirin ilimin bai-ɗaya na 1999 ma a Sakkwato aka buɗe shi, nan kusa da mu. Gangami kwana ɗaya ne. Aji kuwa malami ne da zai dawo gobe, da alli, da fitila, da abin karantawa bayan an gama baƙi da wasali. Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare ta. Ina roƙon shugabanninsu da gwamnatin jiha, kafin a sake buɗe sabon aji a ɗauki hoto, a nemi malaman da ke riƙe da tsofaffin a biya su, kuma kuɗin ya shiga asusun malami kai tsaye. Manyan dillalan albasa da shinkafa su ma ba su fita ba. Wanda ke loda tirela zuwa Legas da Anaca, alawus ɗin malami ɗaya ba zai girgiza shi ba, kuma yaransa na dako su ne ɗaliban.

Yaran nan ma su ne sauran damuwata. Ni abin da na nema na samu. Amma ɗan dakon da na ambata bai kai talatin ba, a aji huɗu ya bar firamare da mahaifinsa ya rasu. Cikin wata shida ya wuce mu duka, har shi ke riƙe mana aji ranar da babur ya lalace wa Malam. Yana so ya ci gaba har ya zauna jarrabawar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu, ya samu takarda. Malam ya kai shi iyakar abin da ajinmu ke da shi. Mataki na gaba sai birni, kuɗin mota kullum, shi kuma a kasuwa abincinsa yake. Irinsa suna da yawa, tsofaffin almajirai da 'yan matan da aka cire aka aurar. In da za a ware ko aji ɗaya na gaba da namu a kowace gunduma, da yamma, a ginin sakandaren da ke kulle tun ƙarfe biyu, da ba a tsaya da su a tsakiyar kogi ba. Jiya ya tambaye ni ko wasiƙar nan za ta sa a yi wani abu. Na ce masa ni dai aikawa zan yi.

Idan kun buga, don Allah kada ku ƙanƙanta rubutun. 'Yata za ta buɗe mini a waya, ni zan karanta wa 'yan ajinmu da bakina ranar Laraba bayan isha'i. Aminin nan nawa mai tabarau ya ce zai zo ya ji, in ya zauna mun koma goma.

Wassalam.

Naku,
Wani manomin albasa,
daga ƙasar Aliero, jihar Kebbi.